Taku Ɗari Huɗu daga Tankin Ruwa

Zuwa ga Inna,

Gaisuwa mai yawa da fatan kuna lafiya. Yaya ƙafar? Jikarku, takwararku, tana gaishe ku, ta yi wayo, bakinta ba ya hutawa.

Na ji kuna shirin zuwa bayan damina ku ziyarci kabarin 'yarku. Inna, shekara biyu ke nan ina ɓoye muku wani abu. Babu kabarin da zan nuna muku. Wata huɗu da binne ta dutsen da ke bayan garinmu ya yi aman wuta, narkakken dutse ya gangaro ya shafe maƙabartar da rabin unguwarmu. Da ya huce, sai baƙin fili kawai, tudu inda da kwari yake.

Abu ɗaya ya tsira a wurin: tankin ruwan unguwa. Daga gindinsa, in na fuskanci gabas, taku ɗari huɗu ne zuwa inda take. Shi ya sa na karɓi aikin fasa dutse a wurin. Abokan aiki suna tsokanata, wai ni kaɗai ne lebura mai ƙirga ƙafarsa kafin ya ɗaga guduma. Ban taɓa gaya musu dalili ba.

Yanzu masu awon dutsen sun ce ƙasa tana sake kumbura, aman wuta na gaba ta wajen tankin zai bi. Na je ofishinsu, wata ma'aikaciya ta nuna mini taswira, ta ja jan layi a kan matata kamar mai gyara jarrabawa. Na ji haushinta, amma ba zan zalunce ta ba: gargaɗinsu ne ya fitar da ni da takwararku da rai wancan karon.

In za ku iya, ku zo cikin watan nan. Ku yafe mini.

Surukinku,
Mai Guduma

*

Zuwa ga Inna,

Bayan gaisuwa, ina fatan jiki ya yi sauƙi. Saƙonku ya iso, na san da ƙafar ta bari da kun zo. Ba ku yi mini faɗa ba, wannan ya fi faɗan ciwo.

Masu awo sun yi gaskiya. Kwana tara muna kwance a ajin wata makaranta, toka har cikin kofin shayi. Ba a rasa rai ba, alhamdu lillahi. Tankin ya tafi.

Jiya aka buɗe hanya. Na je na tsaya, ƙasa da sauran ɗumi a tafin takalmi. Na rasa inda zan fara ƙirga. Ma'aikaciyar nan ta ce shekara hamsin nan gaba wurin zai zama gona mai albarka. Wataƙila. Ni dai ba gona na binne ba.

Na ɗaga hannu na yi wa filin addu'a gaba ɗayansa, tunda tana ciki.

Na mayar wa masu aikin fasa dutse gudumarsu. Ranar Laraba za mu taso, ni da takwararku. Ku sa a share mana ɗaki.

Surukinku