Sadakar Juma'a ba alawa

Daren Juma'a, Madarumfa

Tun da aka cire wa jikata Hadiza haƙori, raina bai kwanta da alawar da nake raba wa yaran unguwa kowace Juma'a ba. Ina nema wa marigayiya Inna lada, ashe ina ɓata haƙoran ƴaƴan mutane.

Yau sai na yanka kankana da karoti na lambun bakin tabki, gabana yana faɗuwa kada su ƙi karɓa. Hadiza ta leƙa faranti ta ce, "Kaka, wannan ai cefane ne." Ban san lokacin da na yi dariya ba.

Karoti dai ya yi saura. Kankana kuwa har ɓawo suka gwaguye, babbarsu ma ta tambaya ko Juma'a mai zuwa akwai. Na ce in Allah Ya yarda.