Wiwin Bayan Ɗaki da Rigar Inna

Baban Yeng,

Ina gaishe ka. Yaya tarin Inna? Yeng yana cin abinci kuwa? Ni lafiya lau, idanuna ne kawai ke ruwa a kan keken ɗinki, kuma ba wani abu ba ne.

Tun da damina ta ja baya na kasa zaune na kasa tsaye, hankalina na kan wiwin bayan ɗaki da muke saƙa da zarensa. Kada ka maimaita na bara, da ka sa lauje ka kwantar da mazan shukar da matan gaba ɗaya, har sai da na je roƙon iri gidan ƙanwarka.

Mazan, in ka girgiza sun daina zubar da garin fure, tuge su, na zare ne. Matan ka ƙyale su, na iri ne. Ka murza kai ɗaya a tafin hannunka. In ƙwayar fara ce tana fashewa, da saura. In ta yi toka-toka, ta yi tauri a haƙori, yanke a ranar, kafin tsuntsaye su riga ka.

Na san za ka ce akwai yadi a kasuwa. Je ka faɗa wa Inna, ai mahaifiyarka ce. Ita ta ce kakanni ba sa gane mamacin da ya zo musu da rigar kanti.

Wando ɗari uku ke bi ta hannuna kullum a masana'antar ɗinki nan birnin Dongguan, babu ɗaya da za a binne Inna da shi. Rigarta hannu ɗaya ya rage in saƙa. Ka ce mata ta jira ni.

Matarka,
Shuwa