Yadda Ashiru Ya Yi Uwaye Goma Sha Bakwai a Kasuwa

Turawa, ta Karaye.

Zuwa ga Yayana Abdulmutalib, a Fatakwal.

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Gaisuwa ce ta ƙanwa ga babban wa, da fatan wannan takarda ta same ka lafiya kai da iyali. Allah ya ƙara buɗi, ya kare ku daga sharrin zaman baƙunta, amin. Mu nan lafiya lau. Damina ta yi kyau, gyaɗa ta yi 'ya'ya, Bahijja ta sauka lafiya an samu mace, ƙafar Baba Sulle kuma da sauƙi, har yana zuwa masallaci da kansa.

Yaya, na ji wani direba ɗan Rogo ya kai maka labari wai an kama Inna saboda ta ƙi biyan haraji, har ka kwana biyu ba ka ci abinci ba. Ka kwantar da hankalinka, ka ci abincinka, ba wanda ya kama Inna. In ma akwai wanda aka kama a wannan magana, to ƙanenmu Ashiru ne. Na zaɓi takarda ne don ko yaushe na ɗaga waya sai Inna ta matso ta ce a sa ta fili kowa ya ji.

Ka san watanni uku da suka wuce Ashiru ya samu aikin yankan tikiti a 'yar kasuwarmu, bayan shekara huɗu yana zaman jiran aiki. Inna ta yi murna, har waina ta raba. Ranar kasuwar farko ya sa riga mai ruwan ɗorawa, ya rataya jaka, ya bi layi yana yanka, har ya iso gaban tiren ƙuli-ƙulinta. Ya durƙusa ya gaishe ta, sannan ya miƙa mata tikiti. Inna ta dubi takardar, ta dube shi, ta tambaye shi ko shi ya taɓa biyan kuɗin zaman wata tara da ya yi a cikinta. Da ya ce dokar gwamnati ce, sai ta ce ya je ya gaya wa gwamnati ta zo da kanta, tana da tambayoyi. Na farko, me ya sa ita mai tire ɗaya za ta biya daidai da Alhaji Barau mai shago cike da buhunan masara? Na biyu, ina rufin rumfar mata da iska ta yaye bara? Ta ce kowa ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski.

Ashiru ya shiga gaba kura baya sayaki. In ya tsallake Inna a ce ya yi son kai, a kore shi. In ya matsa mata, ka san bakin Inna. Sai ya yi dabara, kowace kasuwa ya yanki tikitinta ya biya daga aljihunsa a ɓoye. Da zancen ya tsaya nan da an zauna lafiya, amma maƙwabciyarta Hannatu mai daddawa ta gani. Kasuwa ta gaba Hannatu ta ce masa ita ma uwarsa ce, don ita ta yi wa Inna wankan jegonsa. Zakiyya mai kuka da kuɓewa ta ce ita ta goya shi ranar da aka yi masa shayi. Wata tsohuwa daga Jajaye, wadda ba mu taɓa gani ba, ta rantse ta taɓa ba shi ɗumame yana rarrafe. Yaron nan da kunya, ba ya iya musa wa babba. Kafin wata ya ƙare yana da uwaye goma sha bakwai, duk shi ke biya musu tikiti, albashinsa kuwa ko man babur bai ishe shi ba. Ya rame, rigar ma ta yi masa yawa.

Ni na tona asirin, don na gaji da ganinsa yana cin abinci a gidana safe da rana, maigidana har ya fara tambaya ko Ashiru ya dawo nan da zama ne. Da Inna ta ji, ba ta tausaya masa ba, faɗa ta hau shi da shi, ta ce ya mayar da ita mabaraciya a idon duniya, ita da ba ta taɓa cin haƙƙin kowa ba. Ta ce ai ba biyan ne ta ƙi ba, rashin adalcin ta ƙi. Washegari ta tara uwayen nan duka, ta ce tunda sun haifi ɗa tare sai su je neman haƙƙi tare, zuwa da kai ya fi saƙo. Suka cika bas guda zuwa ofishin su Ashiru, ni ma na bi don in riƙe mata jaka. Ina jin a nan direban nan ya gan ta a ƙofar ofis ya ce kamu ne.

Shugaban su Ashiru, Malam Badaru, mutum ne mai haƙuri. Ya sa aka kawo benci. Inna ta yi masa bayani kusan awa guda ba ta sha ruwa ba. Ta ce ita ba ta son gwamnati ta zo ta soya mata ƙuli, ta iya abinta. Abin da take so shi ne inuwa a kanta, da hanyar da mota za ta shigo, da awon da zai san bambancin tire da shago. Malam Badaru ya ce hanya ta fi ƙarfin ofishinsa, ba zai yi mata ƙarya ba, amma sauran biyun zai kai gaba. Inna ta ce ya rubuta ya sa hannu. Ya rubuta, ta naɗe takardar a bakin zane. Bayan sati uku aka rage wa masu tire, aka ƙara wa masu shago, aka kawo kwanon rufi. Rabin rumfar aka rufa tukuna, amma Inna ta tabbatar rabin da take zaune aka fara.

Yanzu matsalar Ashiru ta canja kama. Inna ce ke fara biya, ta karɓi rasit ta ɗaga shi sama kowa ya gani, sannan ta bar wa Hannatu tirenta ta bi bayansa layi-layi. Duk wanda ya ce a dawo anjima, ita ke amsa masa. Alhaji Barau da ya saba cewa ba canji, yanzu da ya hango ta yake zaro kuɗinsa. Ashiru ya roƙe ni in roƙe ka ka yi mata magana ta koma kan sana'arta, don mutane sun fara kiranta Oga, shi kuma ɗan rakiya. Ni dai na isar da saƙo, amma ban ga alamar za ta ji ba.

Ka gaida Anti Saude da yara, musamman Nura da Maman. Baba Sulle da Bahijja da Kawu Ɗantala duk suna gaishe ka. Inna ta sa maka albarka, ta ce tana ɗokin ganinka da Sallah, amma in faɗa maka tun yanzu: in ka ajiye motarka a bakin kasuwa, tikitin masu shago za a yanka maka.

Taka ƙanwa,
Munawwara.