Ku Ɗago Kai Ku Sha Iska

Ni Odette Brannigan, shekarata goma sha bakwai, ina rubuta wannan da hankalina a jikina, ba zazzaɓi, ba wanda ya sa ni. Na san ban haifi kowa ba, kuma ba ciwon ajali nake yi ba. Amma ku shida da nake koya wa ninƙaya duk safiyar Asabar a kwamin wanka na garinmu Merrigal, ku kuka raɗa mini Mama Agwagwa, kuna bina a layi da jiƙaƙƙun ƙafafu har kantin bakin ƙofa. To uwar da za ta rabu da 'ya'yanta ba ta tafiya ba wasiyya. Jibi zan wuce Brisbane gasar zaɓen 'yan wasan ƙasa, kwamitin kulob kuma ya ce ko na dawo ba zan ƙara riƙe yara ba. Ban ga laifinsu ba.

Da ina da baki, da tara ku zan yi in faɗa. Kun dai san ni, ko sunana aka kira a lasifika sai kunnuwana su yi ja. Fergus, kai ka fi iya karatu. Ka karanta musu a ƙarƙashin rumfa, a hankali, ban da kwaikwayon muryata.

Na ɗaya. Wasan riƙe numfashi ya mutu daga yau. Ba a kwami ba, ba a rafi ba, ba a bahon wanka ba.

Ni na kawo muku shi, kowa a garin nan ya sani. Tun da na ci tseren mita hamsin na jiha ban ɗago kai ba, jaridar gari ta sa mini "yarinya mai numfashi ɗaya", na yanke shafin na ɓoye cikin littafin da nake karantawa. Ranar nan Fergus ya ce, "Mama Agwagwa, wai da gaske ba kya numfashi? Babana ya ce ke kifi ce aka sa wa hula." Dariya ya kamata in yi in ce ku koma bugun ƙafa. Sai dai Callum mai gadin ruwa yana kan doguwar kujerarsa, fuskarsa ta wajenmu. A littattafan soyayyar da nake karantawa, yarinyar da ba ta magana takan yi abu ɗaya tak, sai saurayin ya gan ta kamar yau aka halicce ta. Na nutse, na bi baƙin layin ƙasa daga wannan bango har wancan ta ƙarƙashin ruwa. Na fito kuna tafi kuna ihu. Na saci kallon kujera, ashe shi fankasun namansa yake ci, bai ma san an yi ba.

Ban gaya muku cewa shekaru na yi ina koyon abin nan koci yana tsaye a kaina ba. Ban gaya muku cewa ruwa ba ya gargaɗi ba. Mutum ba ya shure-shure, ba ya kira, kawai ɗauke masa wuta ake yi ya kwanta a ƙasa shiru. Haka Marlinku ta kwanta a ƙasan kwami waccan Larabar, 'yar shekara bakwai, ni ina aji ina zana sunan wani a bayan littafi. Allah ya sa Callum ya ciro ta da rai. Duk wanda ya ƙara cewa a zo a gwada wa ya fi daɗewa, ko babba ne, ku fita daga ruwan ku kira mai gadi.

Na biyu. Ku daina gaba da Darcy. Na ji kuna ce masa mai kisa, na ji an jefa tawul ɗinsa kan rufin banɗaki. Tuyet, na san hannunki ne, ki nemi tsani ki sauko masa da shi. Gaskiya ne shi yake ƙirga wa Marli, yana ta murna yana zaton ci take yi. Amma shi ne ya fara gane shirun ya yi yawa, shi ya kwarma ihun da ya taso Callum. Yaro ɗan shekara tara ya yi abin da ya ga babba ta yi, aka tafa mata. In kuna neman wanda za ku daina gaisarwa, ga ni. Darcy ya koma layinsa na da, bayan Fergus, kuma a raba jar alawar nan mai siffar kwaɗo da shi kamar kullum.

Na uku, kayana. Ba su da yawa. Tabarau na ruwa mai baƙin gilashi na Tuyet ne, ta daɗe tana shafa shi in ta ɗauka ba na kallo. Allon da nake riƙewa a ruwa in ana bugun ƙafa, wanda karenmu ya gutsuri kunnensa, na Darcy ne. Takalman ninƙaya biyu masu kama da jelar kifi, tagwayen cikinku su raba, kowa ƙafa ɗaya in ba za su iya karɓa-karɓa ba. Fergus, ka ɗauki babbar rigar sanyin nan mai kai wa gwiwa, za ka cika ta wata rana. Agogon ƙirga gudu ba na kowa ba ne a cikinku, na mayar wa koci Macca. Lambobin zinarena suna cikin kwalin takalmi a wurin mamata, su zauna can, yanzu ba na iya kallonsu.

Littattafan soyayyata kuwa, akwati guda ne a ƙarƙashin gado. Da na yi niyyar ƙona su, sai na ga ba su suka ce in nutse ba. Tuyet, in kin kai shekaruna ki zo ki karɓa. Ki karanta, suna da daɗi, amma ki sani samarin gaske yawanci abincinsu suke ci.

Hulata ta roba mai sunan garinmu ta Marli ce, in tana so. In ba ta so kada a tura mata.

Na huɗu. Akwai bashi a kaina wanda ba zan bar muku ba, na faɗa ne don ku zama shaida. Sheree, maman Marli, ita take tsayuwa gaban shagon kayan gini duk Asabar tana gasa nama a burodi, rana tana dukanta, don a tara abin da zai kai ni gasa. Tun da abin ya faru nake zuwa ƙofar gidansu ina juyowa. Makon jiya muka yi kiciɓis a kanti, ta ce, "Odette, 'yar nan, tsaya mana, ba cizonki zan yi ba. Amma ba zan yi miki ƙarya in ce ba komai ba." Na ajiye madarar da na ɗauko a kan tarin dankali na fice da gudu. Ni da nake tsayawa gaban dubban mutane da kayan wanka, na kasa tsayawa gaban mace ɗaya. Gobe da hantsi zan ƙwanƙwasa ƙofar. In kun gan ni a layinsu ina kai da komo, ku yi mini ihu.

Na biyar shi ne mai nauyin, don shi na ce wasiyya nake yi. Mamata ta jiyo cewa Marli ko wanka sai an yi fama da ita. Kuma ba tsoro kaɗai ba ne. Wai ce wa Sheree ta yi, "Na ba Mama Agwagwa kunya. Ita ba ta taɓa ɗago kai." Kun ji? Yarinya ta leƙa lahira ta dawo, amma abin da yake damunta shi ne ta kasa zama ni. Wannan ba takarda ce za ta gyara shi ba. Da ido kuka koya, da ido za ku warware.

Saboda haka a Brisbane, a tseren mita hamsin, in na kai tsakiyar ruwa zan juyo da kaina in sha iska. Mutum biyu kacal ake ɗauka, kuma tsakanin ta biyu da ta biyar bai kai ƙiftawar ido ba. Da na gaya wa Macca sai da ya cire hularsa ya maka a ƙasa. Ya ce, "Kin haukace ne, Agwagwa? Tun kina 'yar ficiciya nake tashi da asuba saboda ke, ga ni da ciwon gwiwa! Ki buɗe baki sau ɗaya, 'yan matan Sydney biyu sun wuce ki suna ɗaga miki hannu." Na kalli silifas ɗina. Ya daɗe yana sharar ruwa da tsintsiya a wurin da babu ruwa, sannan ya ce, "In dole sai kin sha, ta dama za ki sha, sakarya. Ta nan kika fi sauri."

Ba zan ɓoye muku ba, ina tsoro. Tun ina ƙarama nake ganin kaina cikin rigar ƙasa mai kore da ruwan zinare, ana taken ƙasa, wani yana jirana a filin jirgi da furanni. Wataƙila shi ke nan. Wataƙila in zo ta huɗu, jarida ta ce yarinyar Merrigal ta karaya, mutanen da suka sayi nama a burodi dominta su kau da kai in na wuce. In haka ta faru kada ku yi faɗa da kowa a kaina, Fergus da kai nake. Yarinya mai numfashi ɗaya ce za a binne, ni kuma ban ga abin kuka a wannan jana'izar ba.

Na ƙarshe. Ranar tseren ku taru ku shida wuri ɗaya gaban talabijin. Ku roƙi Sheree da ladabi a yi a falonta. Darcy ya shiga tare da ku, ba a baya ba. Ina layi na nawa, Macca zai sanar da iyayenku. Ku kalli kaina, kada ku kalli agogo.

Bayan nan kada wanda ya ja Marli zuwa ruwa. Ku je da ita ku zauna a matakala ta farko, ƙafa kawai a ciki, ko da za a cinye bazara a haka. Duk wadda aka kawo ta maye gurbina ku bi ta a layi, ku raɗa mata nata sunan.

Allah ya raya mini ku, ya tsare ku a ruwa da tudu. Ya ba Marli barci mai daɗi, ya cire wa Darcy abin da yake gani in ya rufe ido. Ku shiga ruwa ku shida, ku ƙirga juna, ku fito ku shida. Wanda ya gaji ya ɗago kai, sauran su jira shi a bango.

Mamanku,
Odette