Famfon Ruwan Motar Baba

Dutsin-Ma,
14 ga Mayu, 1985.

Zuwa ga yayana Julius,

Gaisuwa mai yawa da fatan alheri a cikin sunan Ubangijinmu. Ina fata takardar nan za ta same ka cikin ƙoshin lafiya, kai da matarka Dina da yara. Allah ya tsare ku daga cunkoson Ikko da zazzaɓinta, ya sa albarka a aikinka. Mu nan muna lafiya daidai gwargwado, sai zafi da ya hana kowa sakat. Ina zuwa makaranta in koyar da safe, in dawo da azahar in karɓi maigidana wajen jinyar Baba. Jikin Baba kuwa ba zan yi maka kwana-kwana ba, ya ja baya tun bayan Ista. Ɓarin dama har yanzu a shanye yake, bayansa ya fara gyambo saboda kwanciya, ban da kunu ba ya iya haɗiye komai. Maganarsa ta ƙara nauyi, amma ni ina gane ta. Hankalinsa dai ras yake, har faɗa yana yi mini in na daɗe ban juya shi ba.

Takardarka ta iso ranar Litinin. Na karanta inda ka ce in aiko maka da tsohon famfon ruwan motar Baba, ka zaga da shi kasuwannin kayan mota na can ana gwadawa har a dace da irinsa. Na kuma ga inda ka ce hutunka ɗaya ne a shekara, ba za ka taɓa shi ba sai famfo ya samu, don ka zo ka tuƙa Baba zuwa gida da hannunka. Kwana biyu ina ɗaukar biro ina ajiyewa. Yaya, ba zan iya aiko maka da famfon ba, domin babu shi. Ni ce kuma sanadi, kada ka ɗora wa kowa.

Ka fi ni sanin motar nan, tunda a cikinta ka koyi tuƙi. Tun da Baturen haƙar rijiyoyi ya bar wa Baba ita da zai koma ƙasarsu, shekara goma sha ɗaya ke nan, mutanen gari ba su daina kiranta mota mai ɗaki ba. Gadon nan yana nan, da ɗan kabad ɗin, da labulen da Mama ta ɗinka da ragowar atamfarta. Ka tambaya me ya sa ba za mu ɗauki shatar wata mota ba kawai. Mun gwada. A watan Maris mun shimfiɗa masa katifa a bayan a-kori-kura muka kai shi asibiti Katsina, kafin mu dawo ya suma sau biyu, ga rana ga jijjiga. Wannan fa tafiyar awa guda ce da ɗoriya, ina ga yini guda zuwa ƙauyenmu a kudancin Zariya? Direbobin tasha kuma duk wanda ya leƙo ya ga Baba sai ya ce motarsa tana da lalura, kowa yana tsoron a cika masa a hanya. Shi ma Baban ka san halinsa. Ya ce motar da ta kai gawar Mama gida ita za ta kai shi, ya ga ƙaninsa Baba Cornelius da idonsa, in kwana ya ƙare a kwantar da shi kusa da matarsa.

Audi makanike ya yi iyakar ƙoƙarinsa, Allah ya saka masa. Tun da gangar famfon ta tsage ya shiga nema. Ya je Katsina, ya je Funtuwa, ya kwana biyu a Sabon Garin Kano, ya tona tarin mushen motoci a Fanteka ta Kaduna har ƙarfe ya yanke shi a ƙafa. Ko'ina magana ɗaya ce, wai masu ƙera motar sun daina yin irinta tun kafin yaƙin basasa ya ƙare. Wani mai shago ma dariya ya yi, ya ce a gaishe da kakar motoci. An ce akwai irinta guda a Maraɗi, amma ga iyaka a rufe. Masu walda suka ce gangar ta dalma ce, irin ta tukwane, wutarsu ba ta kama ta. Sai Audi ya liƙe tsagar da gam, muka fita gwaji ni da shi. Har na fara waƙa a zuciyata, muna kaiwa Birci sai tururi ya turnuƙe gaban motar. Wani Bafulatani mai suna Yero ne ya ɗaura mata bijimai biyu ya janye ta daga kan titi, washegari wata babbar mota ta jawo ta gida.

Daga nan ne wayona ya tashi, irin wanda Mama take cewa wata rana zai kai ni ya baro. Na tuna da Malam Ilu, mai zuba tukwanen dalma a kasuwar Kurfi. Na sha tsayawa ina kallon aikinsa: ya danna tukunya cikin damammen yashi a akwatin katako, ya zare ta a hankali, siffarta ta zauna a yashin, ya narka dalma ya zuba, sai ga sabuwa. Na ce a raina, wanda ya iya fitar da tukunya da kunnuwanta ai zai iya fitar da gangar famfo. Na gaya wa Audi, ya ce dabara ce, amma in jira shi zuwa Juma'a mu je tare. Ya kwance kayan cikin ya ajiye, ya bar gangar a kan benci. Ni kuwa na dubi sama na ga gajimare ya fara taruwa, na dubi Baba, na ce Juma'a ta yi nisa. Ranar kasuwa na naɗe gangar a ɗankwali na hau mota ni kaɗai.

Malam Ilu ya juya ta, ya ƙwanƙwasa, ya ce dalma ce mai kyau, zai gwada. Na tsaya har ya danna ta a yashi ya zare, siffa ta fito tsaf, har da ƴan rubutun da ke jikinta. Murna ta kama ni. Ya ce narki zai ɗauki lokaci, sai na tafi cikin kasuwa neman tsamiyar kunun Baba. Abin da ban sani ba, kuma ban tambaya ba, shi ne al'adar sana'arsu. Duk wanda ya kawo fasasshiyar tukunya, ita ake fara jefawa a wuta, a ƙara mata wata dalmar, a zuba masa sabuwa da ita. Haka ya gada, haka kowa yake so, don kada a ce an cuce shi an riƙe masa ƙarfe. Da na dawo na ce ina tsohuwar, sai ya nuna mini kaskon narki yana murmushi. Na zauna a ƙasa cikin toka. Ya dube ni ya ce, "Yo ɗiyata, mi za ki yi da fasasshe, ga sabo nan shina hucewa?"

Da sabon ya yi, da ba ka ji wannan labari ba. Amma ashe dalma in ta huce tana ɗan tsukewa. A tukunya ba mai lura, a inji kuwa ko kaurin farce aka rasa an rasa duka. Audi ya gwada, bakin bai hau ba, ramukan kusoshi sun toshe, jikin duk ƙananan ƙofofi kamar soso. Ya sa a hankali zai huda ramin farko, sai ta rabe biyu a hannunsa. Yashin da ke da siffar kuma an farfasa shi tun wajen fitar da zubin. Ba tsohuwa, ba sabuwa, ba abin da za a auna. Garin neman gira na rasa ido. Audi ya zauna a kan taya ya riƙe kai. Da zagina ya yi da ya fi mini sauƙi.

Na yi fushi da Malam Ilu kwana uku, har na ce ba zan ƙara taka Kurfi ba, alhali na san mutumin bai yi komai ba sai abin da ya iya. Ashe labari ya kai masa cewa motar Ibrahim Direba ce, kamar yadda mutanen nan suke kiran Baba, da kuma dalilin gyaran. Ya aiko aka karɓi gutsattsarin a wurin Audi. Ranar Asabar sai ga tsohon a kan keke tun daga Kurfi, cikin ranar nan, ya yi sallama a ƙofar gida. Ya kwance wani ƙulli, sai ga ƴar tukunya da murfinta da ludayi. Ya ce ko sau goma aka ce ya zuba zai zuba, amma ba ya zuba abin da babu samfurinsa. Ya ce ƙarfen na mai shi ne, bai halatta ya zauna a wurinsa ba, shi ya sa ya mai da shi abin da zai amfani mara lafiya. Ya roƙi gafara. Na rasa inda zan sa kaina don kunya.

A ranar na gaya wa Baba, don dā ɓoye masa nake yi, ina cewa Audi yana kan aiki. Na durƙusa na faɗi komai, na ajiye tukunyar a gefensa. Ya sa hannun hagu ya ɗauke ta, ya auna nauyinta, ya ƙwanƙwasa da farce kamar yadda yake yi wa inji. Sai ya yi dariya da rabin bakin nan nasa, hawaye yana bin kuncinsa. Ya ce in dama masa kunu a ciki. Bai yi mini faɗa ba, Yaya, har yau bai yi ba, wannan ne kuma yake cin raina. A cikinta nake dama masa kunu kullum, kuma kullum sai na yi kuka a bakin murhu.

Baba Cornelius ya aiko cewa an yi ruwa sau uku a gida, rafin da ke gaban ƙauye ya fara kawowa. Ka san in ya cika ba motar da ke haye shi sai bayan damina, likita kuma bai ba mu zuwa bayan damina ba. Baba ya ji saƙon. Yanzu kullum da la'asar sai ya sa maigidana da Audi su ɗauke shi su kwantar a gadon motar, a ƙarƙashin dalbejiyar ƙofar gida, a zuge masa labulen Mama. Shekaranjiya ya sa aka kira dattijon ikilisiya. Ina daga waje na ji yana tambayarsa maƙabartarmu ta nan bayan gari, ko ƙasar tana da dutse, ko akwai inuwa. Da dattijon ya tafi na shiga ina kuka, na ce ni na hana shi kwanciya kusa da Mama. Ya ce in share hawaye, matarsa Kezia ba za ta yi mamaki ba, ta san motar nan sarai, sau nawa ta tura ta.

Sannan ya tambaye ni ko kana nan kana yawon kasuwa. Na ce e, ka yi alkawari ba za ka zo hannu rabbana ba. Ya tattara ƙarfinsa, ya faɗi magana ɗaya a fili yadda ko baƙo zai gane: "Rubuta wa Julius ya bar ƙarfe ya zo."

Ka gaishe mini da Dina ƙwarai, ka ce na gode da man shafawar da ta aiko, yana taimakon bayan Baba. Ka shafa mini kan yara. Maigidana yana gaishe ka, haka Audi, ya ce ka yafe masa rashin rakiyar da bai yi mini ba, ko da yake na ce masa ba shi da laifi. Mutanen ikilisiya da maƙwabta duk suna gaisuwa, suna kuma yi mana addu'a.

In za ka yi fushi da ni, ka zo ka yi shi a gabana, zan ɗauka. Ka nemi hutun nan ranar da takardar nan ta shiga hannunka, kada ka tsaya sayen tsaraba. Jiya an yi yayyafin farko a Dutsin-Ma, Baba yana kwance a motar yana jin saukarsa a kan rufi. Ya tambaye ni kwana nawa takarda take yi kafin ta kai Ikko, na ce takwas. Na ga yana lanƙwasa yatsun hannun hagu ɗaya bayan ɗaya, da suka ƙare ya sake farawa.

Allah ya kawo ka lafiya, ya sa ka tarar da shi.

Ni ce ƙanwarka,
Roda Abraham.