Layi Biyu a Takardar Mafarauta

Zuwa ga Lorna,

Don Allah ki taimake ni, ki amsa mini kafin Alhamis. Ranar ce zan miƙa takarda ga masu bugawa, kuma har yanzu ban san abin da zan miƙa ba.

Shekara tara ke nan ina sakatariyar ƙungiyar mafarauta ta garinmu. Mu ɗari uku da 'yan kai ne. Duk shekarar zaɓe mukan fitar da takarda shafi ɗaya, mu bayyana matsayin masu neman kujerar majalisar wakilai ta tarayya kan 'yancin mallakar bindiga. Ni nake rubutawa. Membobi da yawa ita kaɗai suke karantawa, wasu ma ninke ta suke yi su sa a aljihu su tafi rumfar zaɓe. Da can aikin rabin yini ne. Bana sati uku nake kansa.

Kada ki ɗauka ni mai ƙin bindiga ce. Ina da shekara goma sha biyu babanmu ya koya mini harbi. Naman barewa muke ci duk hunturu. Gidanmu ne na ƙarshe a kan hanyar tsakuwa, idan muka kira 'yan sanda sai an yi minti arba'in kafin mu ga motarsu. Ina da tawa bindigar, kuma ba zan ba kowa ita ba.

Amma bara waccan ƙanena Royce ya ɗauki ransa da bindigar babanmu. An sallame shi daga aiki a injin yanka katako, matarsa ta kwashe kayanta, ya daina cin abinci, ya daina ɗaukar waya. Na je har gidansa na ce ya ba ni bindigogin in ajiye masa. Sai ya yi dariya ya ce, "Haba Yaya, yanzu kuma jariri kika mai da ni?" Daga can ofishin 'yan sanda na wuce. Wanda na tarar ya saurare ni da kyau, ya ce tunda bai yi laifi ba, babu abin da doka ta ba su ikon yi. Sati uku bayan haka muka binne shi. Ba wanda ya san na je wurin 'yan sanda, har mijina Wendell.

To ga 'yan takarar. Merle Vandermeer shi ne na 'yan ƙungiyarmu, yana zuwa liyafarmu duk shekara. Ɗayar ita ce Darlene Kostecki. Dukansu sun taɓa zama a majalisar jiha. Da aka tara su a zauren makaranta, na miƙe na tambaye su ko suna goyon bayan dokar da za ta bari dangi su roƙi alƙali ya karɓe bindigar mutum na ɗan lokaci, idan ana tsoron zai cutar da kansa. Vandermeer ya ce muddin yana numfashi ba za a taɓa bindigar wanda bai yi laifi ba. Zauren ya kaure da tafi, mijina na gefena yana tafawa. Kostecki ta ce tana goyon baya. Amma da wani ya tambaye ta yadda mutumin zai kare kansa idan sharri aka yi masa, sai ta shiga ba da labarin kakanta mafarauci har lokaci ya ƙare.

Na dawo gida na tono tarihin ƙuri'unsu, na samo abu biyu. Na farko, shekara huɗu da suka wuce Vandermeer ya ƙi amincewa da ƙudurin da zai bari mai bindiga ya kai ta shago a ajiye masa da son ransa idan yana cikin damuwa. Ƙungiyarmu da kanta ta goyi bayan ƙudurin nan, ni na buga wasiƙar goyon bayan. Na biyu, akwai bidiyon Kostecki na shekara shida baya, tana cewa da ita ce da iko da ta haramta irin bindigar da rabin membobinmu ke farauta da ita. Yanzu kuwa ga ta a talla sanye da rigar mafarauta. Na rubuta wa ofishinta sau biyu ina tambaya ko ta canza ra'ayi, shiru.

Na sa kowanne a layi ɗaya. Shekaranjiya shugaban ƙungiya, Orrin, ya zo ya same ni ina share ganye a ƙofar gida. Abokin babanmu ne, tun ina yarinya Kawu nake ce masa, da shi aka ɗauki akwatin gawar Royce. Ya ce, "Ɗiyata, cire layin Merle ɗin nan. Takarar ta matse. Kina so matar nan ta ci da hannunmu? Mun san abin da ke damunki, amma ba a nan za ki huce ba." Na ci gaba da sharata har ya tafi.

Abin da ya fi ba ni kunya shi ne, kafin ya zo ni ma na riga na goge layin Kostecki sau biyu ina mayarwa. Shi yana son ɓoye ɗaya, ni ina son ɓoye ɗayan. Da wane baki zan yi masa faɗa?

Wendell kuma ba ya son zancen, kuma yana da dalili. Lokacin da yake rabuwa da matarsa ta farko ta yi masa ƙaryar ya yi mata barazana, sai da aka yi wata takwas kafin gaskiya ta fito. Ya ce da akwai irin dokar nan a lokacin, da an zo an kwashe masa komai a gaban maƙwabta. Na san ba ƙarya yake ba. Kwana biyar ke nan daga gaisuwa sai "miƙo gishiri".

Idan na bar layin Merle, za a ce na ci amanar ƙungiya saboda baƙin cikina, kuma a garinmu irin wannan ba ta wucewa. Idan na cire, na yaudari mutum ɗari uku da suka yarda da ni. Ni kaina ban san wa zan zaɓa ba. Me zan yi?

Sakatariyar da ta rasa mafita

*

'Yar'uwa Sakatariya,

Allah ya ba ki haƙurin rashin Royce. Zan dawo kansa, amma bari mu fara da Alhamis.

Layin biyu duk su zauna. Kin riga kin san haka, shi ya sa hannunki ke mayar da abin da kika goge. Mutanenki ba ra'ayinki suke nema a takardar nan ba, ba kuma na Orrin ba. So suke su san abin da kowane ɗan takara ya faɗa, da abin da ya aikata lokacin da ƙuri'a ke hannunsa, da tambayar da ya kauce wa. Ki jera su haka, kowanne da kwanan wata da inda za a duba. Kada ki ƙara kalmar yabo ko ta suka. Yau ɗin nan ki aika wa kowane ofishi layin da ya shafe shi, ki ba su zuwa Laraba. Wataƙila Vandermeer yana da hujjar ƙin ƙudurin nan, wataƙila Kostecki ta canza ra'ayi da gaske. Wanda ya amsa ki buga amsarsa, wanda ya yi shiru ki rubuta cewa bai amsa ba.

Orrin kuma ki je ki same shi kafin a buga, kada ya gani a hannun wani. Tsoronsa na gaske ne, yana ganin abin da ya tashi a cikinsa ne ake son ƙwacewa. Sai dai maganar da ya yi miki kan baƙin cikinki ba ta dace ba, ki faɗa masa cikin ladabi. Ki nuna masa layin Kostecki, ya ga ba gefe ɗaya kika taɓa ba. Idan shugabannin ƙungiya suna son tallata Vandermeer, haƙƙinsu ne, su rubuta daban su sa hannunsu. Idan suka nace sai an yanke, ki ce a cire sunanki. Ba zan ɓoye miki ba, wasu za su daina gaishe ki na ɗan lokaci.

Ƙuri'arki daban take da takardar, kuma ba wanda zai shiga rumfa tare da ke. Kafin ki yanke, kada ki tsaya a kan "ina goyon baya" ko "ba na goyon baya". Ki tambayi yadda dokar za ta kasance. Wa ke da ikon kai ƙara? Cikin kwana nawa za a saurari mai bindigar? Wane hukunci ke kan wanda ya yi ƙarya, kuma yaushe ake mayar wa mutum kayansa? Abin da ya sami Wendell da abin da ya sami Royce duk a cikin amsoshin nan suke. Ɗan takarar da ya kasa amsa su bai gama tunani ba, ko daga wane ɓangare yake.

Yanzu gida. Mijinki ya tafa ne ba tare da sanin cewa kin taɓa tsayawa gaban ɗan sanda kina roƙo aka sallame ki hannu wofi ba. Shekara biyu kina ɗauke da wannan ke kaɗai. Ki faɗa masa, ba don ki ci shi da gardama ba, don ya san matar da ke zaune da shi. Ki bar shi ma ya faɗi nasa watanni takwas ɗin har ƙarshe. Ba dole ku zaɓi mutum ɗaya ba.

Game da Royce: kin gani, kin je, kin roƙa, kin kai ƙara. Ba ki yi sakaci ba. Ki nemi taron waɗanda suka yi irin wannan rashi, ko limamin cocinku, ki sami inda za ki faɗi wannan da baki.

Ki miƙa takardar cikakkiya ranar Alhamis. Allah ya ƙarfafa zuciyarki, ya daidaita tsakaninki da mutanenki.

Lorna