Ɗanya Take Sha

Litinin, 12 ga Yuni

Mun gama tonon maca, saiwar nan tamu da ake sha don ƙarfin jiki da haihuwa. Ni da maigidana Eusebio mun baza ta a fili, rana ta gasa ta, sanyi ya bi ta. Sai ta bushe ƙayau kafin ta ga tukunya. Hannuwana duk sun tsage.

'Yata Marleni ta kira daga birnin Lima. Ciki ne, wata biyu. Na uku ke nan, biyun farko sun zube. Tsoro ya hana ni murna. Na faɗa mata abin da na saba: "Ki dage da shan maca, 'yar nan." Ta ce, "Kullum ina sha, Mama."

Alhamis, 15 ga Yuni

Likitarta ta ce ta daina. Wai ba a yi isasshen bincike a kan masu ciki ba, ba za ta iya cewa lafiya lau ce ba. Kuma za a duba wuyanta, ya ɗan kumbura.

Raina ya ɓaci. Matar da ba ta taɓa durƙusawa a gona ba ce za ta koya min maca? Bakwai na haifa ina shan ta, bakwai ɗin suna nan da ransu.

Lahadi, 25 ga Yuni

Bayan coci na kai wa maƙwabciyata Fermina ƙara. Ta ce, "Teodosia, ke dai bakinki ya riga kunnenki tashi. Kin tambaye ta yadda take sha?" Na ce sha ai sha ne. Ta ce, "A nan ba. Je ki Lima ki ga sha."

Talata, 27 ga Yuni

Na tambaya. Garin maca ne a roba, daga kanti. Cokali biyu cikin lemo kowace safiya.

"Awa nawa kike dafawa?"

Ta ce, "Mama, ai ba a dafawa. A jikin robar ma an rubuta ɗanya ce, wai ta fi ƙarfi."

Shekara uku tana haka. Ina ƙarama na taɓa gatsar ɗanya, mahaifiyata ta make min hannu har ya yi shati. A garin nan in an ce sha maca, dafaffiya ake nufi, wadda ta jiƙu ta daɗe a wuta. Wa ke gaya wa mutum ya dafa dankali kafin ya ci? Amma Marleni tana shekara goma sha ɗaya na tura ta makaranta a birni. A kofi kawai ta san ta, da madara da sukari. Ban taɓa tsayar da ita a gaban tukunyar ba.

Laraba, 28 ga Yuni

Eusebio ya ce ba laifina ba ne. Ban tambaye shi ba.

Asabar, 8 ga Yuli

An ba ta maganin wuya. Na sa ta tambayi likitar ko ɗanyen garin macar nan ne ya ɗauke min jikoki biyu. Ta ce ba wanda zai iya sani, ciki yakan zube ba a gano dalili ba. Na so ta ce e ko a'a. Ko wanne ne, da na san inda zan ajiye shi.

Na ce to dafaffiyar fa, irin tamu? "Ita ma ta ce in bari sai na yaye, Mama. Kada ki yi fushi."

Na ce ana kira na a waje. Ba wanda ya kira ni.

Juma'a, 21 ga Yuli

Na haɗa mata kwali, motar Lima za ta kai. Busasshen dankali, cuku, safar ulu ƙanana da na saƙa. Na kuma zaɓo mata macar bara, manya-manya, na ƙulle a tsumma na sa a ƙasa.

A tasha na buɗe kwalin na ciro ƙullin. Na ce wa Eusebio wuri ne ya yi kaɗan. Ya leƙa kwalin, ya dube ni, ya ɗaure igiya.

Cikin ya shiga wata na huɗu. Waɗancan ba su kai nan ba.

Na rataye ƙullin a jikin azara. Busasshiyar maca tana shekaru ba ta lalace ba. Za ta jira.